Idon Shirwa da Ramin Dabgi

A ƙasar Alkaleri ta jihar Bauchi dajin Yankari yake, wanda aka keɓe wa namun daji tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, Kogin Gaji kuma ya ratsa shi. Masu zuwa buɗe ido giwa suke nema da ɓauna, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, su dawo da labarin birai. Da wuya ka ji wanda ya ce ya ga dabgi, domin dabgi ba ya fitowa sai duhu ya sauka, kafin asuba kuma ya shige ƙasa. Aikinsa kawai ake gani: suri a fashe ta gefe guda, da manyan ramuka nan da can, jar ƙasa tule a bakinsu.

To, a gefen dajin nan, inda iyakarsa ta haɗu da gonakin ƙauye, an yi wani tsohon dabgi da wata shirwa.

Dabgin ya kai kilo 60. Hancinsa dogo, kunnuwansa dogaye a tsaye, bayansa a tanƙware, fatarsa mai kauri ce ba gashin kirki, wutsiyarsa kuma kakkaura. Yatsu huɗu ne a kowace ƙafarsa ta gaba, biyar a ta baya, faratan kuwa ko busasshen suri da ke mayar da bakin fartanya ba ya gagararsu. Idonsa ba ya gani sosai. Da hanci da kunne yake rayuwa. In ya ji motsin gara ko tururuwa a ƙarƙashin ƙasa, sai ya toshe kafofin hancinsa saboda ƙura, ya fasa, ya zura harshe mai tsawon santimita 30 mai danƙo, ya lashe. An taɓa ƙirga cewa dabgi guda kan cinye ƙwari 50,000 a dare ɗaya.

Ita kuwa shirwar ba ta cika kilo ɗaya ba, amma in ta buɗe fikafikanta sun kusa mita ɗaya da rabi. Bakinta rawaya ne, irin na shirwar ƙasarmu, ba baƙi irin na 'yan'uwanta masu ƙetaro Sahara daga Turai da hunturu ba. Wutsiyarta mai baki biyu ce, da ita take juya kanta a iska ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Sheƙarta na kan wani dogon kawo, ta kirare ce, ta shimfiɗe cikinta da tsumma da leda da ta tsinto a jujin ƙauye. Matan ƙauyen sun san ta sarai, don ba kazar da ta ƙyanƙyashe ba a ji ihun "shirwa! shirwa!" a gidan ba.

Mai aikin rana da mai aikin dare ba su da wurin haɗuwa sai almuru. Wata rana da sanyin hunturu, dabgi ya fito da sauran haske, shirwa kuma tana kan reshe tana gyaran gashi kafin ta kwanta.

Ta leƙo ta ce, "Sannu da fitowa, Baba. Yau ka yi sammako."

Ya ɗaga hanci sama ya shaƙa, ya ce, "Yawwa, 'yar nan. Sanyi ne. In dare ya raba, gara kan nutse can ƙasa, sai an sha haƙa."

Ta ce, "Kullum haƙa. Ni wallahi tausayi kake ba ni. In na tashi da hantsi, ina ganin Gaji yana kwance daga farkonsa har inda ya ɓace, ina ganin hayaƙin murhun ƙauyuka, na san ranar kasuwar kowane gari da rumfar da mahauta ke sakaci. Damina in ta kankama in bi ruwa arewa har ƙasar Nijar, kaka ta yi in dawo. Kai fa, Baba, me ka sani a duniya?"

Ya ce, "Na san ƙasa. Na san inda take da taushi da inda marmara ke kwance. Na san surin da na fasa bara ya farfaɗo ko bai farfaɗo ba."

"Ramuka nawa ka haƙa a dajin nan?"

"Ban ƙirga ba."

"A nawa kake kwana?"

"A ɗaya."

"Sauran fa?"

"Suna nan."

Shirwa ta yi dariya har reshen ya girgiza. Ta ce, "Suna nan, kura na kwana a wani, gadu a wani, beguwa ta haihu a wani, ba wanda ya taɓa ce maka an gode. Ka yi wa ƙatti gini a banza."

Dabgi bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Kuma bai ce shi mai alheri ba ne. Ya gaya mata yadda abin yake: in gara ta ƙare a wuri dole ya matsa gaba, in ya daɗe a rami guda zaki da kura su gane ƙofarsa, shi ya sa yake bari ya haƙa sabo. Wani ramin na kwana ɗaya ne, wani kuma mai ɗakuna da ƙofofi, tsawonsa har mita 13. Wanda ya bari, ya bari ke nan, duk mai so ya shiga. Da ya juya zai tafi ya ce, "Kin ga da yawa, 'yar nan, Allah ya ƙara miki gani. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne." Ya sa hanci ƙasa ya bi dare.

Aka kwana biyu. Ciyawa ta bushe ƙamas, gamba ta fi tsayin mutum, iska na busowa daga arewa maso gabas ba ta hutawa. Wutar da aka sa wa daji da farkon kaka, ciyawa na da sauran danshi, lasa take yi ta wuce. Ta tsakiyar hunturu kuwa ba ta barin komai. Irin wannan ce wasu 'yan farauta suka cinna a bakin gonaki wata safiya, don su koro gafiya da zomo karnukansu su kama.

Shirwa ce ta fara ganin hayaƙin. Tun da hantsi ta gan shi, siriri, ta kuma ga inda iska ta sa gaba. A ƙarƙashinta, can gaba da wutar, ga wata macen gadu durƙushe bisa gwiwoyinta tana tonon saiwa da 'ya'yanta uku. Ga garken zabi, ga kurege, ga kunkuru yana jan jiki cikin gamba. Ba wanda ya ji komai tukuna, don iska ba ta kawo musu warin ba. Kira ɗaya daga sama ya isa.

Amma gobarar daji ita ce ranar idin shirwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da wutar daji ya ga yadda shirwa ke taruwa gaban harshen wuta, suna cafke fara da ƙadangaru da ɓeraye masu gudun tsira. A arewacin Ostireliya ma, 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna faɗin cewa shirwar can kan ɗauki itace mai ci da wuta ta yar a inda bai kama ba, kuma a 2017 masu bincike suka tattara shaidar waɗanda suka ce sun gani suka wallafa. Tamu shirwar ba ta kai nan ba. Lissafi kawai ta yi. In ta yi kira, ɓeraye za su ji su shige da wuri. In ta yi kira, sauran shirwa za su ji su cika wurin kafin ta ƙoshi. Sai ta ja bakinta ta yi tsit, ta karkata wutsiya ta nufi hayaƙin.

Kafin azahar wuta ta zama abin da ta zama. Gamba na fashewa, tartsatsi na tsallake hanya, sama ta yi ja. Namun daji masu dogayen ƙafafu, gwanki da kanki da mariya, suka yanki daji zuwa kogi. Masu gajerun ƙafafu kuwa, waɗanda gudu ba zai fisshe su ba, ƙasa suka nema. Zomo ya faɗa wani tsohon rami ya tarar da beguwa, ba wanda ya tanka wa wani. Guza ya shige wani. Kunkuru ya gangara wani ya janye kai. Wutar ciyawa wucewa take yi da sauri, zafinta ba ya nutsewa ƙasa da nisa, saboda haka wanda ya samu kamu biyu na ƙasa bisa kansa ya tsira. Kuma duk ramukan nan, in ka bi sawunsu, ƙafa ɗaya ce ta haƙa su.

Macen gadu ba ta ankara ba sai da hayaƙi ya rufe ta. Ta ɗaga wutsiya ta zura da gudu, 'ya'yan na biye. Da ta kai bakin ramin da suke kwana ta tura na gaba ciki, ta tura na biyu, sannan ta juya ta shiga da baya, haurenta na fuskantar waje, yadda gadu ke yi. Na ukun, ɗan autan da kullum shi ne a baya, bai iso ba.

Can sama shirwa na ta wawaso. Ta ci fara har ta gundure ta, ta ci ƙadangare biyu. Sai ta hango wani ƙaton ɓera dab da harshen wuta. Ta dunƙule ta kawo sura, daidai lokacin iska ta juya. Hayaƙi ya cika mata ido da ƙirji, wuta ta lashe bakin fiffikenta na dama, ta faɗo tim cikin toka mai zafi. Ta yi ta jan jiki, ba ta ganin gabanta, har ƙafarta ta zurma cikin wani rami. Da ta buɗe ido, haure biyu ta gani a gabanta.

Macen gadu ta dube ta, ta ce, "Matso ciki, bakin nan akwai zafi."

Suka zauna a haka, wuta na ruri bisa kansu, ƙasa na zubo musu. Da rurin ya yi nisa, macen gadu ta ce, "Ke da kike sama, kin ga ƙaramin nawa?"

Shirwa ta gan shi. Ta ga inda gamba ta rufe shi. Ta sunkuyar da kai.

Macen gadu ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Yaushe kika fara ganin hayaƙin?"

"Da hantsi."

"Kin gan mu?"

"Na gan ku."

Ba ta zage ta ba, ba ta sa mata haure ba. Da ƙasa ta huce ta ratsa ta gefenta ta fita da 'ya'yanta biyu, ba ta ƙara komawa ramin nan ba.

Ni dai a ganina ba cin fara a gaban wuta ne laifin shirwa ba. Haka Allah ya yi ta, a nan ya ajiye mata abincinta, kuma ba ita ta ƙyasta ashana ba. Laifinta shirun da ta yi ne alhali ita kaɗai ta gani. Irin wannan shirun muna da shi a cikinmu. Akwai wanda ya yi karatu ya san maganin da ake tallawa a kasuwar ƙauyensu na jabu ne, ya kau da kai don mai sayarwa abokin cinikinsa ne. Akwai wanda ya ji a wurin aiki cewa bana ruwa zai ci unguwannin bakin kogi, ya kwashe iyalinsa cikin dare bai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ba. In an tambaye su su ce ba su cuci kowa ba, kuma ko a gaban alƙali ba za a kama su da komai ba.

Dabgi kuwa duk abin nan barci yake yi can ƙasa. Da dare ya fito ya tarar da duniya ta zama toka. Yana bin hanci sai ya ji warin ƙonannen gashi daga wani raminsa na bara. Ya leƙa.

"Wane ne?"

"Ni ce, Baba."

"'Yar nan? Me ya sauko da ke ƙasa?"

Ta gaya masa duka, har da tambayar macen gadu da amsar da ta bayar. Ya saurara, kunnuwansa a tsaye. Bai yi mata gori ba, ko da yake bakin da ya ce ya yi gini a banza shi ne yanzu cikin ginin. Sai ya matsa ga wani suri da ke kusa ya fasa shi, ya ci abin da zai ci, ya bar shi a buɗe. Da gari ya waye shirwa ta ja fiffike ta je ta tsattsaga gara da zago da suka fito gyaran ɓarna. Kashegari ma haka. Tsuntsuwar da ta saba da naman mahauta ta koma cin ragowar dabgi, tana kwana a rami, duk motsin da ta ji da dare gabanta ya faɗi. Wani dare dila ya biyo wari har bakin ramin, ya yi sa'a ko rashin sa'a dabgi na haƙa a wurin, ya watsa masa ƙasa a fuska da ƙafafun baya, dila ya yi gaba yana atishawa.

Sannu a hankali ƙonannen gashin ya zube, sabo ya tsiro. Ranar da ta fara iya hawa reshe, ta jira shi har almuru.

Ta ce, "Baba, ka faɗi abin da zan biya ka da shi."

Ya ce, "Ba na bin ki bashi. Ramin ba don ke na haƙa ba, surin kuma cikina na fasa wa."

"Duk da haka."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ji nan. Hancina na jin abin da iska ta kawo. Kunnena na jin abin da ya motsa. Amma abin da aka ajiye da rana ina barci, ba ya motsi, ba ya wari, wannan sai ido, ni kuwa ba ni da shi. In kin ga irin wannan a ƙofata, ki faɗa mini."

Ta ce, "Idona naka ne, Baba, har ranar da zan mutu."

Kuma da gaske take. Duk tsawon rani, in ta tashi da hantsi sai ta fara zagaya ramin da yake ciki kafin ta nufi kasuwa. In ya sauya rami ta gane da sabuwar jar ƙasa. Sau da yawa da almuru takan sauko ta ce masa zaki ya bi ta kwari, ko makiyaya sun sauka kusa da rafi, shi kuma ya canza hanya.

Dabgi na da masu nemansa cikin mutane. Akwai masu son namansa, don naman da yawa. Akwai masu neman fatarsa da faratansa da zuciyarsa su kai wa bokaye, saboda tsohon camfin da ke cewa layar da aka haɗa da su kan sa mutum ya ratsa bango da dare. Akwai kuma manomin da sansa ya taɓa zurma ƙafa a rami ya karye, wanda kukansa na gaskiya ne, ko da yake garar da dabgi ke lashewa kowane dare ita ce mai cin karan gonarsa da gindin rumbunsa. Doka ta hana farauta a cikin dajin, masu gadi na sintiri, amma daji da faɗi, dabgi kuma bai san inda iyaka take ba. A ƙarshen bazarar nan ya haƙa sabon rami a bakin wata saura, wajen iyaka.

Ranar, tun azahar zafi ya tsananta, hadari ya haɗu a gabas. Da la'asar shirwa na shawagi ta ga mutum biyu sun tsuguna a ƙofar ramin. Ta rage tsawo ta duba da kyau. Waya ce, irin ta birkin babur, sun yi mata zarge sun kafa a bakin ramin daidai inda wuya zai bi, sun ɗaure ɗaya bakin a jikin kututturen ƙirya, sun yayyafa ƙasa da busasshen ganye, suka share sawunsu da reshe suka tafi.

Ta sauka kan marke da ke gefen ramin. Ta yi kira, amma dabgi na can ƙarshen rami, barcin rana ya yi nauyi. Ta ce ba komai, nan zan zauna har ya motsa, ko da zan kwana.

Sai ruwa ya ɓarke. Ruwan fari ne mai ƙarfi, wanda ƙasa ta yi wata da watanni tana jira. Ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke gab da faɗuwar rana. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Can hayin rafi, daga bakin wasu manyan surruka, gina ta fara fitowa, gara mai fiffike wadda ba ta tashi sai bayan irin wannan ruwa. Kafin ka ce kwabo ta cika sama. Shirwa suka taso daga ko'ina, tsattsewa na ratsa su, yaran ƙauye suka fito da ƙore da tsintsiya. Gina maiƙo gare ta, kuma fitarta ba ta daɗewa.

Shirwa na kan marke tana kallo. Rani ya yi tsawo, kasuwa ba ta yi albarka ba kwanan nan, cikinta na kuka. Ta dubi bakin ramin, shiru. Ta dubi rana, da sauran ɗan haske. Ta ce a ranta, ai Baba ba ya fita sai duhu ya yi sosai, kuma in zai fita sai ya daɗe a ƙofa yana saurare. Bari in ɗan taɓa in dawo.

Ta tafi. Tana cafkewa da ƙafa tana kaiwa baki a cikin iska, ɗaya bayan ɗaya, garken gina na matsawa yamma tana bin sa. Ba ta san lokacin da haske ya ƙare ba. Da ta juyo, ba ta ganin marken, ba ta ganin rafin. Shirwa ba ta tashi da dare, idon nan da ke ƙirga kajin ƙauye daga cikin gajimare ba ya rabe reshe da sarari in duhu ya yi. Ta laluba ta sauka kan bishiyar da ta samu. Ta yi kira sau biyu cikin duhu, kwaɗi suka danne muryarta. Ta ce, wataƙila yau ba zai fita ba saboda laima. Gobe da sassafe.

Daren ruwan fari kuwa shi ne daren da dabgi ya fi so, ƙasa ta yi taushi, tururuwa da gara sun hau sama. Ya taso ya tsaya daga cikin ƙofa yadda ya saba, ya daɗe. Ya juya kunne gabas, ya juya yamma, ba abin da ke motsi sai ɗigar ruwa daga ganye. Ya shaƙi iska. Da ba a yi ruwa ba, da warin hannun mutum da na ƙarfe sun gaya masa komai. Ruwa ya wanke su tas. Ya ƙara saurarawa ko zai ji muryar 'yar nan daga bisa marke. Bai ji ba, ya ɗauka lafiya ke nan. Ya yunƙura ya yi tsallen da dabgi ke yi in zai bar rami.

Da asuba ta fari shirwa ta iso. Ta tarar da ƙasa a birkice kewaye da kututturen, ya haƙa har inda waya ta bar shi ya kai. Ga sawun mutum biyu a cikin laka, ga shatin abu mai nauyi da aka ja zuwa hanyar ƙauye. Ta yi ta zagaya wurin har rana ta take. Bayan 'yan kwanaki 'yan'uwanta suka ɗaga zuwa arewa bin ruwa, ta bi su, don ba abin da ya rage mata a nan.

Damina ta yi aikinta. Ramin da ba a shiga a fito, ba a kwashe ƙasarsa, ruwa kan cika shi da yashi, rufinsa ya rufta. Da dabgi na nan, in goma sun rushe ya haƙa wasu goma. Bana ba wanda ya haƙa. Gadu na iya faɗaɗa rami, amma ya fi dogara da wanda ya tarar. Surruka suka yi ta tsawo ba mai fasa su, manoman bakin iyaka suka fara kukan gara.

Da kaka shirwa ta dawo kan kawonta. Hunturu ya shigo, gamba ta bushe, kuma wata safiya ta hango siririn hayaƙi a bakin gonaki.

Wannan karon ba ta yi lissafi ba. Ta sauko ƙasa-ƙasa tana bin daji tana kira, "Wuta! Wuta daga gabas!" Ta bi kwari, ta bi tudu, ta koma, har muryarta ta dushe. Sauran shirwa suka wuce ta zuwa gaban wuta, ko fara ɗaya ba ta taɓa ba ranar. Kuma an ji ta. Zabi suka tashi da wuri. Macen gadu, da sababbin 'ya'ya huɗu, ta nufi wani rami da ta sani ta tarar ya rufta, ta nufi na biyu ta tarar yashi ya cike shi, amma da yake da sauran lokaci sai ta yanka da su zuwa rafi, suka kwanta cikin laka, duka huɗun suka tsira.

Kunkuru ma ya ji kiran tun da hantsi. Bushiya ta ji, guza ya ji, beguwa da 'ya'yanta sun ji. Suka yi ta zagaye cikin gamba daga tsohuwar ƙofa zuwa tsohuwar ƙofa.

Da yamma shirwa ta sauka bakin rafi shan ruwa, ba ta iya ko buɗe baki. Macen gadu ta taso daga cikin laka ta tsaya gabanta.

Ta ce, "Yau kin yi kira, mun ji, Allah ya saka miki. Na fita da nawa duka." Ta juya ta dubi tudun da ke ta hayaƙi. "Masu gajerun ƙafafu ma sun ji. Ba su da inda za su ne. Ina Baba mai haƙa? Tun bazara ban ga sabuwar ƙasa ba."

Shirwa ta gaya mata. Ta faɗi wayar, ta faɗi ruwan, ta faɗi ginar, ba ta rage komai ba.

Macen gadu ta ce, "Ashe kiran da zai fisshe su tun ranar nan ya kamata a yi shi." Ta tattara 'ya'yanta ta bi rafi da su, neman inda wani dabgin yake.

Neman kuwa ba mai sauƙi ba ne. Macen dabgi wata bakwai take ɗauke da ciki, ɗa guda take haifa, shi ma sai ya kai wajen wata shida kafin ya fara haƙa ramin kansa. Dajin da aka kashe wa dabgi kan daɗe bai samu wani ba.

Saboda haka, 'yan'uwa manoma da makiyaya da ke zaune a gefen Yankari da sauran dazuzzukanmu, in dabgi ya yi rami a gonarku, ku kewaye bakin da ƙaya don kada dabba ta zurma, ku bar masa ransa. In kuma kun ga waya a ƙofar rami, ku kwance ta, ko ku kai wa masu gadin daji labari a ranar, tun rana ba ta faɗi ba.